Tambayi Likita: Jinin da ke fita a fitsarin yaro ba alamar girma ba ce

Tambayoyin wannan makon kusan duk sun karkata ga abu guda, wato yadda ƙasar da muke zaune a kanta, da iskarta da ruwanta da itatuwanta, ke shafar lafiyar jikinmu. Bismillah.

Tambaya: Likita, an ce kada a kwana da tukunyar fure a ɗaki, wai tana shanye iskar mutum da dare. Gaskiya ne? Daga wata amarya a Zariya.

Amsa: Amarya, bar furenki inda yake. Iskar da yake sha da dare ba ta kai ta kyanwa ba. Mai kashe mutane a ɗaki shi ne kaskon gawayi ko janareta idan an rufe ƙofa da taga. Duk wanda ya farka da jiri da ciwon kai a irin wannan ɗaki, a fito da shi fili, a wuce da shi asibiti.

Tambaya: Shekara goma ina fatauci a Fatakwal, ban taɓa jin an yi annobar sanƙarau ba, amma a gida kusan duk bazara sai an ji labarinta. Me ya jawo? Daga wani Alhaji, mutumin Maraɗi.

Amsa: Alhaji, yanayin ƙasa ne ya bambanta. Fatakwal kurmi ne, iskarsu da laima duk shekara. Mu kuwa muna cikin wani ziri na busasshiyar ƙasa da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma nan ne sanƙarau ya fi yin ɓarna a duniya. Iskar hunturu da ƙurarta suna busar da hanci da maƙogwaro har su tsattsage, sai ƙwayar cutar, wadda dama takan zauna a maƙogwaron mutum lafiyayye, ta sami ƙofar shiga jini. Ga kuma kwanan cunkoso. Da ruwan sama ya sauka sai ka ga abin ya lafa. A 1996 annobar ta kashe fiye da mutum 25,000 a Afirka, dattawan Kano ba su manta da shekarar ba. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na cutar, don haka idan masu rigakafi sun zo, a fito da yara. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a kwana da su a gida. Asibiti, a daren.

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, yau wata huɗu. Babansa ya ce ba komai, girma ne, shi ma ya yi. Kakarsa tana ba shi jiƙon kanwa, ni kuma na sayo masa kafso a kemis. Muna zaune kusa da Haɗejiya. Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, a dakatar da kanwar nan yau ɗin nan, kafson ma a ajiye. Yaron da mafitsararsa ke zubar da jini, ƙodarsa na cikin haɗari, shi za a riƙa ɗura wa kanwa? Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kafson kuwa na kashe wasu ƙwayoyin cuta ne daban, ba ruwansa da abin da ke damun ɗanki. Asarar kuɗi kawai.

Bisa ga bayaninki da inda kuke zaune, na fi zargin tsargiya. Maganar maigidanki na sha jin irinta. Akwai uban da ya taɓa kawo mini ɗansa saboda rama, na ce a kawo fitsari, aka miƙo mini kwalba sai ka ce zoɓo. Uban yana murmushi ya ce ai duk yaran ƙauyensu haka suke. Gaskiya ya faɗa, duk haka suke, domin duk a ruwa ɗaya suke wanka. Idan cuta ta game gari sai a daina ganin ta cuta ce. Namiji ba ya haila, kuma babu wata balaga da ke zuwa da jini a fitsari.

Tsargiya tsutsa ce, amma ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum sai ta bi ta jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗin, ya hayayyafa, ya fito da yawa cikin ruwa. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba. Tsutsar ta girma ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai shekara da shekaru, ƙwan ne ke yayyaga mafitsarar.

Dodon koɗin nan ruwa mai kwanciya yake so. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa, dodon koɗin ya sami gidan zama. Ba mu kaɗai ba ne. A Senegal, bayan an gama madatsar Diama a kan Kogin Senegal a 1986, jatan landen da ke haurowa daga bakin teku yana cinye dodon koɗi ya rasa hanya, tsargiya ta ɓarke a garuruwan bakin kogin. Ba ina cewa madatsa sharri ba ce, da ita ake noman rani ake cin shinkafa. Sai dai wanda aka kawo wa ruwa ƙofar gida ya kamata a kawo masa magani tare.

Idan aka bar ta, yaro zai rasa jini, ya tsumbure, karatu ya gagara. Bayan shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda, tana iya zama sanadin ciwon dajin mafitsara. 'Ya'ya mata ma tana kama su, ta taɓa mahaifa, a yi ta shan maganin sanyi a banza, wata har haihuwa ta yi mata wuya.

Ki kai shi asibiti cikin makon nan a gwada fitsarinsa, don akwai wasu cututtukan da ke kawo jini. Idan tsargiya ce, maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro, a sha bayan an ci abinci. Shi ne wanda ake rabawa a makarantu, kada a hana yara karɓa. Amma ba rigakafi ba ne: ya koma ruwan, ta dawo. Ruwan wanka idan daga rafi aka ɗebo, a tafasa shi ko a bar shi ya kwana biyu a mazubi. Ki haɗa da 'yan'uwansa, kuma ki lallaɓa maigida shi ma a duba shi, tunda ya ce ya yi. Idan fitsarin ya tsaya, ko ƙafa da fuska suka kumbura, kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Tunda daga itace ake yin magani, me zai hana in dafa ganyen darbejiya in sha idan zazzaɓin cizon sauro ya kama ni? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ɗana, rabin maganarka daidai ne. Kwinin daga ɓawon wani itace na tsaunukan Kudancin Amurka aka samo shi, maganin da muke bayarwa yanzu kuma daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin, aikin da ya sa Tu Youyou, wata masaniyar kimiyya ta ƙasar, ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma an tace su, an auna. Tukunyarka wa ya auna ta? Ɗaci ba shaida ba ce. Je ka a gwada jininka. Ƙananan yara da masu juna biyu kuwa kada a kusance su da wannan dahuwa, a kai su asibiti ranar da zazzaɓin ya fara.

Tambaya: Shan garin 'ya'yan kuka kullum yana da illa? Daga wata Hajiya a Kumasi.

Amsa: Babu, Hajiya, yana da sinadarin bitamin C sosai. A dai rage sukarin da ake zubawa, kuma a dama da ruwa mai tsabta.