Kun Tambaya: Yadda Amurkawa Suka Riƙa Sassaƙa Mota da Yumɓu

Tambaya: Na ga hotunan motocin Amurka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu fikafikai a baya. Wai da gaske ne sai an gina su da yumɓu kafin a ƙera? Daga wani mai karatu.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Harley Earl, wanda ya shugabanci sashen zane na kamfanin motoci na General Motors tun 1927, shi ya kafa wannan al'ada a masana'antar. Fikafikan da ka gani sun fara fitowa a Cadillac ta 1948, daga siffar jirgin yaƙi P-38, suka kai maƙura a 1959.

Yumɓun ba na tukwane ba ne. Haɗi ne mai kaki da mai da farar wuta, ba ya bushewa. Ana ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 har ya yi laushi, a danna shi da hannu a kan ƙwarangwal na katako. Idan ya huce ya yi tauri, sai a kankare shi da ƙarfe mai haƙora, a bi da siririn fallen ƙarfe har ya yi sumul. Nan aikin yake ɓaci: in aka ɗora sabo a kan wanda ya yi sanyi ba a murza sosai ba, iska ta maƙale a tsakani, daga baya wurin ya ɓare ko ya tsage.

Da ƙaramin samfuri ake farawa, kuma ma'aunin da aka fi so shi ne kashi 3 cikin 8, wato motar mita 5.5 ta dawo kusan mita 2. Sau da yawa rabi kawai ake ginawa, a kafa madubi a tsakiya ya cike ɗaya gefen. Wurin da zai yi ƙyalli kuwa, a manna masa fallen alminiyom.

Tambaya: To me ya hana su tsayawa a kan ƙaramin?

Amsa: Ƙaramin samfuri yana yaudarar ido. Mutum daga sama yake kallonsa, alhali mota daga gefe ake ganinta a titi, shi ya sa ake ɗora shi a teburi mai tsayi. Sannan kuskuren milimita 3 yakan zama 8 a cikakken girma. Dole a gina babba, a fitar da shi fili a duba yadda haske ke kwanciya a bodinsa, kafin a ɗauki awon da za a yi injinan buga kwano da shi. A ganinmu, wannan dubawar a hasken rana ita ce ainihin jarrabawar.