Amsa Kan Sigar da Ta Yi Ɗaci a Daren Wasan Ƙarshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanena mai tambaya, na karanta abin da ka rubuto, cewa abokinka ya kawo maka tsarabar tabar siga a kan hanyarsa ta dawowa daga Turkiyya, ƙaramin kwali mai kara biyar na Montecristo mai lamba 4 da kara ɗaya na Romeo y Julieta a cikin bututunsa, dukansu sigar ƙasar Kyuba, ka ajiye su a aljihun gaban mota kusan wata guda da niyyar kunnawa ranar da Super Eagles za su ɗaga kofin Afirka. Ka ce a wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairun 2024, wanda Kodebuwa ta ci mu biyu da ɗaya, da suka farke ƙwallo ka kasa haƙuri ka kunna ɗaya, ganyen ya tsage a hannunka, hayaƙin kuma ya yi ɗaci har ka yar da ita tun ba ta kai rabi ba. Kana tambaya ko jabu aka sayar wa abokin naka, sannan kana son a faɗa maka inda muka zubar da wasan.

Na ga wasu sun riga sun yanke hukunci cewa jabu ce. A nawa ganin, da wuya. Masu buga jabu sun fi bin wata sigar Kyuba mai suna Cohiba saboda tsadarta, musamman tun da kamfanin Habanos, mai sayar da sigar Kyuba, ya ɗaga farashinta sosai a 2022, kuma kayan da aka saya a kantin filin jirgi ba su cika zama na bogi ba. Idan kana son hankalinka ya kwanta, duba kwalin. Ya kamata ka ga hatimin gwamnatin Kyuba mai launin kore da fari ɗauke da lambobi da wani ɗan tambari mai ƙyalli, kuma ana iya shigar da lambobin a shafin kamfanin na intanet a tabbatar. Ka kuma dubi kan sigar, wato ɓangaren da ake sa wa a baki: ta Kyuba ta gaskiya za ka ga layuka uku na ganye an rufe kan da su tsaf. Duk wanda kuma ya nuna maka Cohiba a akwati mai murfin gilashi a kan farashi mai sauƙi, ka yi masa godiya ka wuce.

Abin da ya kashe sigarka shi ne hunturun Kano. Ita wannan taba ganye ce zalla da aka naɗe da hannu, ba takarda, ba tacewa. Akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sannan akwai na waje mai laushi wanda ido ke gani, kuma dukansu an naɗe su ne da ɗan danshinsu a ƙasa mai laima. Mafi kyawun ganyen Kyuba yana fitowa ne daga yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río, inda iskar teku ba ta barin komai ya bushe. Masu ajiyarta suna riƙe danshin wurin ajiya tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma kusan digiri 18 zuwa 21. Mu kuwa a nan, daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska yakan faɗo ƙasa da kashi 20, ga ƙura, ga kuma mota da aka bari a rana tana dafa abin da ke cikinta. Ganyen waje ne ke fara bushewa, ya tsuke a kan na ciki, sai ya dare kamar diddigen da faso ya ci. Da ya bushe, man da ke ɗauke da ƙamshin yana tafiya, wuta tana cin ganyen da sauri, kuma duk sigar da ta ci wuta da sauri ɗaci za ta yi ko da daga hannun wanda ya naɗe ta ka karɓa.

Ga yadda nake gwadawa. Ka ɗauki kara ɗaya ka kai kusa da kunne, ka matsa shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuniya kana murzawa. Idan ya ɗan lotsa ya dawo ba tare da ƙara ba, lafiyarsa ƙalau. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, ya bushe. Ina kyautata zaton huɗun da suka rage duk haka za su yi maka, ita kuwa ta bututun wataƙila ta fi su tsira, domin murfinta yana tare iska, kuma akwai siririn katako mai ƙamshi a naɗe a ciki.

Za a iya ceto su, amma ba da gaggawa ba. Ka samo roba ko kwalba mai murfin da ba ya shigar da iska, wadda ba a taɓa zuba yaji ko daddawa ko turare a cikinta ba, domin ganyen taba yana kwasar warin duk abin da ya zauna kusa da shi. Ka sa su ciki tare da ƙaramar jakar riƙe danshi irin ta Boveda, ka fara da mai lamba 62, wato mai riƙe danshi a kashi 62 cikin ɗari, bayan mako biyu ko uku ka koma mai lamba 65 ko 69. Idan ba ka samu ba, ɗan sabon soso da aka jiƙa da tataccen ruwa na kantin magani aka matse sosai, a ɗora shi a ƙaramin murfi yadda ba zai taɓa sigar ba, zai yi aiki, sai dai yana buƙatar dubawa a kai a kai. Kada ka fesa musu ruwa, kada ka kai su banɗaki don tururi, domin ganyen ciki zai kumbura ya fasa na waje. Kada kuma ka sa su a firiji, shi ma busarwa yake yi. Ka ba su wata guda zuwa biyu a lungu mafi sanyi a ɗakinka. Laushin zai dawo, amma ƙamshin ba zai dawo duka ba, kuma wadda ta riga ta tsage ta tafi.

Akwatin katako na ajiyar siga da ake tallatawa ban ga amfaninsa a garin nan ba. A hunturu katakon da kansa yana shanye danshin, a bazara zafi ya haura digiri 40 ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe ya huda ganyen, a damina kuma fumfuna ta hau, ga wutar lantarkin da ba za ta bar na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki ba. Shi ya sa ba na ajiye da yawa.

Game da su kansu sigogin, Montecristo tana nan tun 1935, kuma mai lamba 4 tana cikin waɗanda Kyuba ta fi sayarwa a duniya. Idan tana cikin hayyacinta, ƙarfinta matsakaici ne, tana da ƙamshin gahawa da koko da ɗan katako, tana ɗaukar kamar rabin awa zuwa minti arba'in. Aibinta shi ne yawan da ake naɗawa ya sa ba ta da tabbas: a kwali ɗaya sai ka samu wadda ke ja da sauƙi da wadda aka matse ta har kumatu su gaji. Romeo y Julieta ta bututu ta fi ta sauƙi, ba ta da wani zurfi, amma ba ta ba mutum kunya. Partagás Serie D mai lamba 4 ita na fi girmamawa a cikin na Kyuba, mai nauyi ce, da yaji-yaji da ƙamshin ƙasa, kuma wanda ya kunna ta da yunwa zai ga jiri da zufa. Sai dai idan maganar ingancin naɗi ake yi, Padrón ta Nikaraguwa ta fi su duka riƙe amana, ban taɓa kunna wadda ta toshe ba. Akwai kuma Hemingway ta gidan Arturo Fuente a Jamhuriyar Dominika, wadda ganyenta na waje irin na Kamaru ne, mai ɗan zaƙi, sai dai siriri ne ƙwarai, shi ne farkon wanda iskarmu ke tsagawa. Baƙin shayi marar madara ko gahawa ne abokan tafiyarsu. Shayin Buzaye ma yana yi, in an rage sukari.

Tun da akwai matasa a cikinmu, dole in faɗi wannan. Ba na kwaɗaita wa kowa. Cewa ba a haɗiye hayaƙin siga bai wanke ta ba, tana jawo sankarar baki da maƙogwaro, kuma babbar siga ɗaya tana iya ɗauke da tabar da ta kai ta kwalin sigari guda. Malamanmu da yawa sun haramta, wasu sun karhanta, dokar taba ta 2015 kuma ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka kunna ta a gidan kallo, cikin yaran mutane a rufaffen ɗaki, ba daidai ba ne ko da mun ci kofin.

Akwai kuma hannunka a cikin ɗacin. Ana zuƙar siga ne kamar sau ɗaya a minti, a bar tokar ta yi tsawo ta rage zafin wutar. Mutumin da ke kallon Adingra na Kodebuwa yana wasa da ɗan bayanmu Ola Aina ba zai iya wannan ba, na tabbata zuƙa kake yi babu ƙaƙƙautawa, kuma ban ga laifinka ba, domin ni kaina har yau abin yana tsaye a wuyana.

Ba a minti na 81 muka zubar da wasan ba. Mun zubar da shi tun daga lokacin da kocinmu na lokacin, José Peseiro, ya yanke shawarar cewa ƙwallo ɗaya ta ishe shi a gaban 'yan kallon Abidjan. Tsarinsa na 'yan baya uku ya kai mu wasan ƙarshe, ƙwallo biyu kacal aka zura mana a wasanni shida, ban musa ba. Amma a daren 11 ga Fabrairu ya bar Onyeka da Iwobi su biyu a tsakiya suna fuskantar Kessié da Seri da Fofana su uku, kuma tun mintunan farko kowa a gidan kallonmu na Zoo Road ya ga cewa ba ma iya haɗa fas uku a jere. Ƙwallon da Troost-Ekong ya ci da ka a minti na 38 daga bugun kwana ta zo, ba daga wani wasa da muka gina ba. Maimakon a hutun rabin lokaci a ƙara mutum a tsakiya, ko a ba Aina mai taimako a gefensa, sai aka dawo da abin da aka tafi da shi. Kessié ya farke a minti na 62 daga kwanar da Adingra ya bugo, shi kaɗai a bayan 'yan bayanmu babu mai riƙe da shi. Daga nan kowa ya san ta biyu tana tafe, lokaci kawai ake jira. Adingra ya sake wuce Aina ya kawo, ɗan gabansu Haller ya sa tsinin takalmi ya karkatar da ita cikin raga a minti na 81. Yawancin canjin da koci ya yi sai da wasa ya kusa tashi, kuma Osimhen ya ƙare daren yana bin dogayen ƙwallaye shi kaɗai a tsakanin ƙarti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙungiyar da ta doke mu. Mun ci su ɗaya da nema a rukuni a wannan filin. Ikwatoriyal Gini ta lallasa su huɗu da nema, suka kori kocinsu Gasset ana tsakiyar gasa, suka tsallake rukuni da ƙyar bayan Maroko ta doke Zambiya, sannan Emerse Faé, wanda mataimaki ne, ya karɓe su. Masu cewa gajiyar ƙarin lokacin da muka yi da Afirka ta Kudu ce ta kayar da mu su tuna cewa su sau biyu suka yi ƙarin lokaci, da Senegal da kuma Mali, na Mali ma da mutum goma. Haller dai na yi masa murna, mutumin da aka gano yana da sankara a 2022 ya warke ya dawo ya ci wa ƙasarsa kofi, wannan ikon Allah ne. Amma murnar ba ta rage mini komai ba. Wannan ne karo na biyar da muka faɗi a wasan ƙarshe, bayan ukun da Kamaru ta yi mana a 1984 da 1988 da 2000 da wanda Aljeriya ta yi mana a 1990, kuma a 2013 Stephen Keshi ya fitar da Kodebuwar su Drogba da Yaya Touré da ci biyu da ɗaya ne saboda ya bar yaransa sun fito sun taka leda.

Zagin da aka yi wa Iwobi a Instagram bayan wasan rashin adalci ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. An ɗauki ɗan wasan da ya saba kai hari an ce ya yi aikin Ndidi, wanda rauni ya hana shi zuwa, sannan a ce shi ya jawo. Mu mutanen Kano kuma muna da namu ƙorafin: Ahmed Musa, kyaftin a lokacin, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana Pillars, ya zura biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Iceland a 2018, ya je ya dawo bai taka fili ba. Na san gudunsa ba kamar da ba ne, ban ce a fara da shi ba, amma minti goma na ƙarshe muna neman wanda ba ya rawar jiki a babban fili, yana zaune a benci.

A lokacin, wato Fabrairun 2024, kwantiragin Peseiro yana dab da ƙarewa, ana jiran hukumar ƙwallo ta yanke ko ya zauna ko ya tafi. A wasannin neman zuwa kofin duniya na 2026 a lokacin mun riga mun yi kunnen doki da Lesotho a gida, mun sake yi da Zimbabwe, maki biyu ke gare mu daga wasa biyu, kuma a watan Yunin 2024 Afirka ta Kudun da muka fitar da bugun fenariti ce ta zo mana.