Amarya ta ce sai nutso a tekun Zanzibar, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Alaba Rago nan Legas, in Allah ya yarda na kusa angwancewa, toh amaryar tawa ta ga wani bidiyo a TikTok mutane sun goya tukunyar iska suna yawo cikin kifaye a ƙarƙashin tekun Zanzibar, tun ranar ta sa ni gaba wai can za mu je bayan biki. Ni na ɗan iya iyo irin na gulbi a gida, ita kuwa ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba. Dan Allah wane lokaci ya fi, me ake buƙata, kuma abin ba haɗari?

AMSA: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kawo ƙazantar ɗaki. Gaskiya amarya ta iya zaɓe, Zanzibar tsibiri ne a ƙasar Tanzaniya, garin Musulmi ne, ba ka da matsalar abinci ko masallaci, ruwan kuma garai-garai yake har kana hango yashin ƙasa daga cikin kwale-kwale, ba irin namu na Legas ba da in ka tsoma hannu sai ka daina ganin yatsunka.

Amma kafin maganar tikiti, tafiyar nan daga nan Legas take farawa, a wurin koyon ninkaya. Masu koyar da nutso irin su PADI ba sa ba mutum satifiket sai ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ya zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ya riƙe komai ba. Kai da ka saba da gulbi wataƙila ka wuce, ita kuwa sai a nemo mata mai koyarwa mace a ɗaya daga cikin wuraren ninkaya na otal-otal ɗin Ikeja ko Surulere, ta yi wata biyu tana zuwa. Kuma dan Allah kar a ce za a koya a bakin teku, igiyar ruwan Legas tana jan mutum ciki, ko waɗanda suka iya tsoronta suke.

In kun isa can hanya biyu ce. Akwai ta ɗanɗano, yini ɗaya, malami yana gefenku kamar inuwa kuma ba za ku wuce zurfin mita 12 ba. Akwai kuma cikakken kwas na kwana uku zuwa huɗu, karatu da atisaye a ruwa mara zurfi sannan nutso huɗu a teku, in kun gama a ba ku katin da ko'ina a duniya aka san shi, iyakarku mita 18. Ni a ganina ku fara da ɗanɗanon, domin na ga mai bakin cewa shi jarumi ne, ruwa na rufe kansa ya ce a mayar da shi kwale-kwale, kuɗin kwas kuwa ya riga ya biya.

Yanzu maganar haɗari, nan nake so ka nutsu. Tukunyar nan ba oksijin zalla ba ce kamar ta asibiti, iskar da muke shaƙa ce aka danna ciki. Duk mita 10 da ka sauka nauyin ruwa yana ƙaruwa a jikinka, a mita 10 na farko ya ninka wanda kake ji a tudu, shi ya sa kunne ke fara ciwo sai ka toshe hanci ka hura a hankali ka ji ya yi ƙas, kuma tun kafin ciwon ya zo ake yi. Mai mura bai shiga, kunnensa ba zai buɗe ba. Babbar dokar ita ce ba a riƙe numfashi, ko na daƙiƙa kaɗan, saboda iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura in kana hawowa, in ka riƙe ta huhu ne zai ji a jikinsa. Kuma wannan ce ta fi ba ƴan gulbi wahala irinka, don ku kun saba cika baki da iska ku nutse.

Sai naitirojin, wani sinadari da ke cikin iskar da muke shaƙa, wanda ke narkewa cikin jini muddin kana ƙasa. In ka hawo a hankali yana fita ta numfashi, in ka taso da gudu sai ya yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokacin har rai. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito. Kuma shi ya sa ba a hawa jirgin sama nan take, aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa, ni dai awa 24 nake cewa. Ranar ƙarshe ku bar ta don yawo a tsohon garin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amarya ta sayo kanumfari da kirfa na tsaraba.

Wani abu da ya ba ni kunya ranar farko da na yi nutso, a ƙarƙashin ruwa ɗaga babban yatsa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau sama. Malamin ya tambaye ni da hannu, ni kuwa daɗi ya cika ni ga kunkurun ruwa yana wucewa ta gabana, na ɗaga masa yatsa irin na Facebook, bawan Allah ya kama ni muka fito, kowa na dariya. Lafiya lau ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Lokaci kuwa, ku guji tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, damina ce sosai, akwai kuma ɗan ruwa wajen Nuwamba. Yuni zuwa Oktoba ba zafi, Disamba zuwa Fabrairu zafi amma ruwan da ɗumi. Ku sauka a arewa, Nungwi ko Kendwa ko Matemwe, daga nan ake zuwa tsibirin Mnemba inda murjani da kifayen suke. Jirgi daga Ikeja sai an yada zango, Ethiopian Airlines ta Addis Ababa ko Kenya Airways ta Nairobi. Biza ta Tanzaniya ce, kuma mai fasfon Najeriya tun daga gida yake nema ta intanet, kar ka bari sai biki ya matso. Katin rigakafin shawara ma dole ne. Inshora ka tambaya ƙarara ko ta haɗa da nutso, da yawa ba sa haɗawa.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce a Agege, ya maganar sutura, kuma ina da sikila, zan iya?

AMSA: Hajiya sutura ba matsala, rigar robar da ake nutso da ita tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ana ɗora doguwar riga mara nauyi a kai da hular ninkaya mai rufe gashi da wuya, kuma kina iya neman malama mace tun kafin ki biya. Amma sikila kam a'a, sanyin ruwa da bushewar jiki suna tayar da ciwon, kuma ba a ƙarƙashin teku ake so ya tashi ba. Haka mai juna biyu da mai farfaɗiya. Masu asma, hawan jini ko ciwon suga sai likita ya sa hannu a fom ɗin da ake cikewa, kuma kar a ɓoye. Ki shiga kwale-kwalen tare da Alhaji, akwai masu gilashi a ƙasa, kina zaune a bushe kina kallon kifayen, in likitanki ya amince ma ki sa rigar kariya da tabarau ki leƙa daga saman ruwa a wuri mara zurfi.