Tambaya da Amsa: Na Gina Ɗakunan Haya a Gwallameji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi ritaya daga koyarwa, na sa kuɗin sallamata na gina ɗakuna huɗu a Gwallameji, kusa da Poli (Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi). Ɗalibai har sun fara zuwa tambaya. Wani maƙwabcina ya ce duk wanda ya ƙi biya in cire masa ƙofa, da kansa zai tashi. Me ya kamata in sani kafin in miƙa makulli? Daga wata malama, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya albarka. Wannan maƙwabcin zai kai ki ya baro. Cire ƙofa ko kwano, canza kwaɗo, watso kaya waje, duk doka ta hana. Wanda kike bi bashi shi zai maka ki a kotu yana neman diyya.

Hanyar ita ce notis a rubuce. Idan ba ku ajiye wani wa'adi daban ba, mai biya wata-wata ana ba shi wata 1, mai biyan shekara kuwa wata 6. In ya cika bai tashi ba, a ƙara masa takardar kwana 7 cewa za ki garzaya kotu, kuma alƙali ne kaɗai ke fitar da shi. Wata shida ba wasa ba ne ga mai jiran fansho. Shi ya sa nake nacewa a kan takardar yarjejeniya: ki sa lauya ya rubuta ranar shiga da ranar da haya za ta ƙare. Hayar da aka yanke wa rana, ranarta na zuwa ta ƙare, takardar kwana bakwai ɗin nan kawai ta rage. Mai unguwa ya yi shaida, ɗalibi ya kawo katin makaranta da wanda zai tsaya masa. Kuma ko ɗan ƙawarki ne, ki ba shi rasit.

Gyara kuwa, yoyon kwano da kwashe salga naki ne, abin da ya fasa da hannunsa nasa ne.

Sai wuta, wadda ta fi kuɗin haya haddasa faɗa. Mita ɗaya ga ɗaki huɗu, wannan da hita, wancan da dutsen guga, mai kwan fitila ɗaya ya ce an cuce shi. In da hali ki nemi mita mai kati daga kamfanin raba wutar lantarki na JED, a rubuta yadda za su raba kuɗin tun ranar shiga, don in an tara bashi ɗalibi ya gama karatu ya wuce garinsu, ƙofarki za a ƙwanƙwasa.