Me ya sa wasiƙun Pamela suka tayar da ƙura a Ingila?

Tambaya: Malam, a darasin adabi an ba mu littafin Pamela na Samuel Richardson. Na ga kusan duk wasiƙu ne na wata 'yar aiki. Me mutanen zamaninsa suka gani a ciki har ake cewa ya yi tashe?

Amsa: Malama, tashe kam ya yi. Ya fito a Landan a Nuwamban 1740, kafin shekara ta zagayo an kai bugu na biyar. Wani limamin coci ya yaba shi a wa'azinsa, aka riƙa zana Pamela a jikin mafitan mata, mai zane Joseph Highmore kuma ya yi hotuna 12 a kan labarin.

Sirrin yana cikin wasiƙun nan da kika ambata. Pamela shekararta 15, uwargijiyarta ta rasu, ɗan gidan, Mista B, ya sa ta gaba da neman lalata, har ya tsare ta a gidansa na Lincolnshire. Tana rubutu ne abin na faruwa, ita kanta ba ta san yadda gobe za ta kasance ba. Takan ji motsi a ƙofa ta ajiye alƙalami. Wasu takardun ta ɗinke su cikin tufafinta, wasu ta binne a gindin furen wardi don kada a ƙwace. Mai karatu sai ya ji kamar shi aka aiko wa, hankalinsa a tashe. Ga kuma abin da ba a saba ba: 'yar talaka tana ce wa mai dukiya mutuncinta ba na sayarwa ba ne.

Amma tunda kusan bakinta kaɗai ake ji, wasu suka yi shakka. Marubuci Henry Fielding ya fitar da littafin Shamela a 1741, inda ya mai da ita makira mai jan aji don ta samu auren attajiri. A ganina sukar tana da tushe a wuri ɗaya: auren da ta yi a ƙarshe da Mista B, mutumin da ya azabtar da ita, yana da wuyar haɗiya, ko da an ce ya tuba bayan ya karanta rubutunta. Sai dai tsoron da ke cikin wasiƙun farko na gaske ne, ban yarda wayo ba ne.

Richardson ya ji sukar. A littafinsa Clarissa, wanda ya kammala a 1748, ya bai wa mutane da yawa alƙalami, har da Lovelace, mugun da ke cikin labarin. Masu karatu suka yi ta rubuto masa suna roƙon kada Clarissa ta mutu, ya ƙi.