Hukuncin zuwa kallon otal ɗin caca na Macau in ba bugawa za a yi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zuwa Guanzu ta ƙasar China saro kaya, to in mun gama lodi abokan tafiyata sukan ce mu tsallaka Macau mu ga otal ɗin caca na Venetian, wai an kwaikwayi birnin Banis na Italiya har da kwale-kwale a cikin gini. Wallahi ba caca za mu yi ba, hoto ne kawai da ɗan cin abinci. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, shi kwaikwayon gini a kan kansa ba haramun ba ne, ko ma mai gina gidansa da zankwaye da dakali irin na tsohon birni ai kwaikwayo yake. Abin dubawa shi ne don me aka gina wannan ɗin.

An buɗe Venetian ta Macau a 2007, ita kanta kwafin ta Las Vegas ce da aka buɗe a Amurka a 1999, ka ga kwafin kwafi kenan. Kogin nasu a saman bene yake tsakanin shaguna, rufin an masa fenti kamar sararin sama da gajimare, sai ka wuni a ciki ba ka san la'asar ta wuce ba balle magariba. Kusa da ita ga otal ɗin Parisian da aka buɗe a 2016 da hasumiyar Eiffel mai rabin tsayin ta Faransa. Kuma motoci na nan a bakin boda suna kwasar mutane kyauta zuwa ƙofar otal, to kai ɗan kasuwa ne, ka taɓa ganin wanda ya ɗauki kwastoma kyauta don Allah? Duk tsutsa ce a bakin ƙugiya.

Allah bai ce kar ku buga kawai ba, a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ya ambaci giya da caca cewa ya yi "fajtanibuhu", wato ku nisance shi. A Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca an umarce shi ya yi sadaka, magana kawai fa, bai ma zauna ba. Malamanmu na Malikiyya kuma suna da ƙa'idar saddu zari'a, toshe hanyar da galibi take kaiwa ga haram.

Don haka shiga ɗakin cacar kansa, ko da kallo ne, bai halatta ba, haka zama a teburin da ake shan giya. Ɓangaren shaguna yana da ɗan sauƙi tunda a can an ware ɗakin caca da masu gadi a ƙofa, amma ɗaukar ƙafa musamman don shaƙatawa ni ban ga halaccinsa ba, mafi ƙarancinsa karahiya mai ƙarfi, musamman da yake hoton da za ka ɗora a Facebook talla ce ka musu ba su biya ka ba, ƙaninka ya gani gobe shi ya je ya buga.

Wani zai ce ai an ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba. Eh, a duba ƙarshen mutanen da suka wuce, wannan kuwa babu wata al'umma da ta taɓa rayuwa a cikinsa.

In kuwa larura ce, kamar wanda kuke harka da shi ya sa muku mitin a can ba yadda za ka canza, ka je ka gama abin da ya kai ka ka fito, ka sa alam ɗin sallah a waya tun kafin ka shiga. Wallahu a'alam.