Zauren Masu Karatu: Lauya na da gurbi a asusun sauyin yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Na karanta lauya a Jami'ar Bayero, na haɗa da shari'ar Musulunci, sannan na yi makarantar lauyoyi ta Bagauda. Shekara uku ke nan ina aiki a wani ofishin lauyoyi, yawanci rigimar filaye da rubuta yarjejeniyar bashi. Burina in yi aiki a manyan asusun duniya masu ba da kuɗin tunkarar sauyin yanayi, amma ƙawata ta ce sai wanda ya karanta kimiyyar muhalli ko mai zuwa taron COP, wato taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suke ɗauka. Haka ne? Ta ina zan fara? Wata lauya, daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaida ƙawar taki, ki ce mata ba haka abin yake ba. Waɗannan wurare gidajen kuɗi ne, kuma duk inda kuɗi zai fita daga hannu zuwa hannu sai an nemi mai rubuta sharaɗi.

Ɗauki mafi girmansu, asusun GCF (Green Climate Fund), wanda aka amince da kafa shi a taron COP na Kankun a Meziko a 2010, hedikwatarsa kuma tana Songdo a Koriya ta Kudu. Ko bishiya ɗaya ba ya dasawa da hannunsa. Bankuna da hukumomi yake tantancewa, ya ba su kuɗin, su kuma su yi aikin. Kowane aiki da aka amince da shi yana da tasa yarjejeniyar: yaushe za a saki kason farko, me za a cika kafin na biyu, wa zai biya idan kuɗi ya karkata, a ina za a yi sulhu idan an saɓa. In kin taɓa zama kina jayayya da lauyan banki a kan sakin layi ɗaya na jingina, to kin san ɗanɗanon aikin. Bambancin shi ne a nan ɗaya ɓangaren na iya zama ma'aikatar kuɗi ta wata ƙasa, kuma tattaunawar kan ɗauki watanni.

Akwai kuma ɓangaren gudanarwa, wanda matasa ke rainawa. Majalisar GCF mutum 24 ce, 12 daga ƙasashe masu arziki, 12 daga masu tasowa, kowane ɓangare da shugabansa. A Yulin 2018 sun zauna a Songdo suka tashi baram-baram ba tare da amincewa da aiki ko ɗaya ba, shugaban asusun na lokacin, Howard Bamsey, ya ajiye muƙaminsa a ƙarshen zaman. Sai a shekarar da ta biyo baya suka amince da tsarin ƙuri'a idan an kasa cimma matsaya baki ɗaya. Wa kike ganin ke tsara ajanda, ya rubuta daftarin ƙuduri da daddare, ya tunatar da mamba cewa yana da hannu a aikin da ake magana a kai don haka ya fita? Ma'aikatan sakatariya ne, kuma da yawansu lauyoyi ne. Ko matsayin asusun a gaban doka aiki ne mai zaman kansa. GCF ba reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, don haka rigar kariya ga ma'aikatansa da dukiyarsa sai ya bi ƙasa ƙasa yana nema. Sabon asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, wanda aka amince da shi a taron COP na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022 kuma ɗan Senegal Ibrahima Cheikh Diong ke jagoranta, sakatariyarsa tana ƙarƙashin Bankin Duniya na wucin gadi, majalisarsa kuma sai da Filifin ta yi doka a 2024 ta ba ta ikon ƙulla yarjejeniya.

Yanzu bari in zo inda nake ganin arzikinki yake, wato rigimar filayen nan da kike faɗa kamar kina jin kunyarta.

Wasu masunta da manoma a jihar Gujarat ta Indiya sun kai ƙarar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, saboda tashar lantarki mai amfani da kwal da ya zuba wa dala miliyan 450, wadda suka ce ta lalata musu ruwa da kamun kifi. IFC ya ce yana da rigar kariya. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kariyar ba ta rufe komai ba. Daga baya an kori ƙarar bisa wani dalili, amma saƙon ya isa: mai ba da kuɗi ma ana iya tuhumarsa. Tun 1993 Bankin Duniya ke da kwamitin sauraron ƙorafin jama'a, GCF ma yana da sashensa mai zaman kansa na ƙorafi, ga wani na binciken almundahana. Kuma idan kika duba ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa irin waɗannan wurare, za ki yi ta cin karo da maganar fili da diyya.

A nan gida, Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma galibi ta abin da ke kan filin ce: gini, amfanin gona, bishiyoyi. Ƙa'idojin masu ba da kuɗin sun fi haka faɗi. Suna so a biya abin da zai isa mutum ya maye gurbin abin da ya rasa, kuma ko wanda ba shi da takarda a taimaka masa ya tsaya da ƙafarsa. Na taɓa duba rajistar diyya ta wani aikin madatsar ruwa, an ƙirga kowace ɗorawa da mangwaro, ga dangwalen yatsa layi-layi, komai tsaf. Amma sunayen masu gonaki kaɗai ne a ciki. Wanda ke noman gonar aro babu shi, matan da ke noman rani a bakin fadama babu su, burtalin da ya ratsa wurin ko a taswira bai fito ba. A dokar jiha babu laifi, a wurin mai ba da rancen kuwa wannan ya isa a tsayar da kuɗi. Lauyan da ya san aro da jinga da gado, kuma zai iya bayyana su a rubuce ga wanda ke zaune a hedikwatar Bankin Duniya a Washington, ba a samunsa a ko'ina.

Sai dai kada in yaudare ki. Daga shekara uku a Kano zuwa Songdo kai tsaye abu ne mai wuya, domin a can za ki yi takara da waɗanda suka daɗe suna rubuta yarjejeniyar manyan ayyuka. Ki fara da abin da ke kusa. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma, mai dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, yana aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma ofisoshinsa na jihohi suna hulɗa da batun sayen kaya, kwangila da ƙorafin al'umma. Akwai Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa da dokar 2021 ta kafa. Akwai AFC a Legas, cibiyar zuba kuɗi a manyan ayyukan more rayuwa na Afirka, wanda GCF ya tantance tun 2015. A Abidjan kuma Bankin Raya Afirka na ɗauke da cibiyar ALSF mai taimaka wa gwamnatoci tattauna manyan kwangiloli. Don Abidjan ɗin nan nake cewa ki koyi Faransanci tun yanzu, ga Maraɗi nan kusa in kina neman inda za ki goge harshe.

Karatun shari'arki ma kada ki tura shi ƙasan takardar neman aiki. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ya fitar da sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na ayyukan muhalli na yuro biliyan 1 a 2019, kuma irin wannan ciniki na buƙatar wanda ya san ijara, wato hukuncin haya, kuma ya san dokar kasuwar jari. In za ki yi digiri na biyu, ni zan ce ki zaɓi dokar kuɗi ko ta ƙasa da ƙasa. Zuwa COP kuwa ziyara ce mai kyau, amma hoto da katin shiga a wuya bai taɓa maye gurbin yarjejeniyar da mutum ya rubuta ba. Yawancin guraben aiki a waɗannan wurare na wa'adi ne, ana sabuntawa ko a ƙi, don haka ki yi shawara da gida kafin ki ɗaura ɗamarar tafiya nesa.

Tambaya: Barista, ni ba lauya ba ne, akanta ne a wata ma'aikata. Wani ya ce in biya shi kuɗi ya saka sunana a jerin masu neman aiki a GCF. In biya? Wani mai karatu, daga Damagaram.

Amsa: Malam, kada ka ba shi ko dala. Ana tallata guraben a shafin asusun na intanet, kuma nema kyauta ne. Akanta na da wuri a sashen binciken kuɗi da na tantance hukumomi. Tunda kana da Faransanci, ka riƙa duba tallan BOAD, bankin raya Afirka ta Yamma da ke Lome, shi ma yana cikin waɗanda GCF ya tantance, kuma Nijar mamba ce a cikinsa.